Kaskon baƙin ƙarfe da bokitin taki: ɗaya ya biya kuɗinsa, ɗayan kuma ina da magana

Wata 8 kenan da na sayi kayan nan guda biyu a hannun wata mai saida kayan kicin ta WhatsApp anan Zariya, kasko na baƙin ƙarfe irin na zubi ɗin nan mai nauyin tsiya da 'yan boko ke ce ma kas ayon, sai wani bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi wanda tace yana maida sharar kicin taki. Da gangan na ƙi cewa komai tun farko, don kaya irin wannan ba'a yanke masa hukunci a sati biyu, sai ya ga sanyi ya ga zafi ya ga damina tukun. To yanzu duk ya gani, a Janairu na saya ana tsakiyar hunturu yau gashi Satumba na shirin ƙarewa. Kaskon 16,000 na biya, bokitin da ƙullin garinsa 12,000, kuɗin ɗan mashin da ya kawo min Hanwa daban.

Abinda ya kaini ga kaskon, cikin shekara 2 kaskon nonsitik, mai shafen nan da ke hana abinci kamawa, guda 3 na kashe. Kuma ba wai bana kula bane, cokalin katako nake sa masa da soso mai laushi, amma gidan da akwai yara da masu taya aiki dole wataran wani ya sa cokalin ƙarfe ko a manta shi kan wuta ba komai a ciki, shikenan sai ya fara salewa. Ranar da naga ɓarɓashin baƙin fentin nan a cikin wainar ƙwan autana raina ya ɓaci sosai, na zubar da ƙwan na ajiye kaskon ban sake taɓa shi ba. Dama shafen nan na Teflon in zafi ya haura wajen digiri 260 lalacewa yake farawa, kuma kasko fanko a kan gas baya daɗewa ya kai can. Sai nace ni dai ina son abinda ba fenti a jikinsa, wanda ko ya lalace zan iya gyarawa da hannuna.

Da ɗan mashin ya miƙo kwalin sai da na sa hannu biyu. Faɗinsa inci 10 ne, wajen santimita 26 kenan, na ɗora a sikelin da nake awon fulawa ya bani kilo 2 da ɗoriya. Ba suna a jikinsa ba takarda, a kwalin dai an rubuta ƙirar Chaina. Ba irin Lodge ɗin nan bane na Amurka da ake ta nunawa a bidiyo, waɗanda suke zuba ƙarfe a jihar Tenesi tun 1896, wancan in aka haɗa da kuɗin kawowa ya fi ƙarfin aljihuna. Cikinsa da ɗan kaushi in kin shafa, saboda a mazubin yashi ake zuba narkakken ƙarfen, shatin yashin ne yake fitowa.

Na tambayi matar ko sai nayi masa wani abu kafin in fara girki, tace a'a Hajiya an gama masa komai daga kamfani ki ɗauraye kawai ki ɗora. Wannan maganar itace babban ƙorafina a kanta har yau. Abinda ke jikinsa wani maiƙo ne kamar kakin kyandir da ake shafawa don kar yayi tsatsa a hanya, ba komai aka gama masa ba. Na ɗauraye na fasa ƙwai 3, wallahi ƙwan nan ya kama kamar an sa masa gam, ga wani wari kamar na garejin kanikawa. Na zuba ruwa na jiƙa shi na tafi na kwanta, da safe na tarar da shi jajir da tsatsa har ruwan ya koma kalar shayi. Na ɗauki hoto na tura mata, sai bayan kwana 2 ta amsa, wai haka suke yi. Iyakar abinda tace kenan. Mace ta kashe kuɗinta, ko layi uku na bayani ai ya kamata ki rubuta mata.

Surukata ce ta cece shi. Ta zo daga cikin birni duba jikokinta ta ganshi jingine a bayan ƙofar kicin, tace wannan fa 'yar nan? Nace Hajiya asarar kuɗi nayi. Ta sa aka miƙo mata, ta riƙe shi ta hannun ta ƙwanƙwasa da zobenta, yayi wata ƙara siririya doguwa kamar ƙararrawa. Tace "Ƙarfe ne na gaske, mai ne bai ci ba. Kin taɓa ganin mai ƙosai ta kankare baƙin kaskonta? Ai baƙin nan shine kaskon."

Kuma gaskiyarta. Bambancin kawai, na masu ƙosai fallen ƙarfe ne da maƙera ke bugawa, shi kuma wannan narkawa ake a zuba, akwai sinadarin gawayi a cikinsa kashi 2 zuwa 4 cikin 100, shi yasa yake da tauri amma baya lanƙwasa, in ya suɓuce ya faɗi kan siminti zai iya tsagewa kamar tukunyar ƙasa. Amma yadda ake horar dasu ɗaya ne. Ni abin har ya tsaya min a rai, mu da masana suka tono tsofaffin wuraren narkar da tama anan Samaru, ace riƙon ƙarfe sai mun je bidiyon turawa alhali iyayenmu na zaune da sanin a tsakar gida.

Ranar nan Hajiya ta zauna kan kujera 'yar tsugunno tana bani umarni. Toka da soson waya muka fara sa masa, na dirje shi ciki da baya har hannun, sai da tsatsar da maiƙon suka fita ya koma ruwan toka, na wanke da ruwan zafi da sabulu na ɗora kan wuta ya bushe ƙayau. Aka hura kurfoti. Ta sa na ɗiga man gyaɗa kaɗan, ko rabin ƙaramin cokali bai kai ba, na bi shi da tsumma ko'ina, sannan tace in ɗauko busasshen tsumma in goge har in ga kamar babu komai. Nace Hajiya ai na goge man duka, tace abinda ya rage shi ake so. Muka ɗora kan garwashi ya fara hayaƙi, muka barshi har hayaƙin ya ɗauke da kansa, muka kife shi bayan ma ya sha wuta, aka sauke ya huce. Haka sau 5. A idona ya tashi daga ruwan toka ya koma kalar zuma, ya koma ƙasa-ƙasa, a na ƙarshe ya fara baƙi yana ɗan sheƙi. A zagaye na uku da ta shiga sallar la'asar na ƙara man da yawa don in yi sauri, ai kuwa ya fito da dabbare-dabbare masu danƙo suna kama yatsa, dole na dirje wajen na sake. Abinda ke faruwa shine man in yayi siriri ya sha zafi sosai ba mai bane kuma, rikiɗa yake ya zama wata fata mai tauri ta manne da ƙarfen ta toshe ƙananan ramukan nan, in kuma yayi kauri sama ce ke ƙonewa ƙasan ya tsaya danƙo. Mai obin zata iya kife shi a ciki awa 1 a digiri 230 zuwa 250, ni dai da tsadar gas ɗin nan da yadda wuta take gawayi ya fi min sauƙi, kuma hayaƙin a waje yake tafiya.

Kafin ta tafi tace sati guda kar in sa masa komai sai suya mai mai da yawa. Awara, ƙosai, dankali, fanke. Haka nayi, kuma kullum sai ya ƙara santsi.

Yanzu in aka tambayeni me ya fi iyawa, sinasir zan fara cewa. Da a nonsitik sinasir ɗina fari fat yake fitowa, ƙasan ba launi kamar an turara. A wannan kuwa in ya ɗau zafi na shafa mai da ɗan tsumma na zuba ludayi ɗaya, zaki ji ya ce cuuu, gefen ya fara ɗagowa da kansa, idanun nan su fito a sama reras, na rufe minti 2 in buɗe, ƙasan yayi ja-ja yana ɗan ƙaras-ƙaras saman kuma laushi kamar auduga. Kuma na goma yana fitowa irin na farko, don ƙullun mai sanyi baya kashe masa zafi. Da azumi kusan kullum sai da yayi aiki. Abban yara da baya cika magana kan abinci shi da kansa yace wannan irin na gidan biki ne. Nama ma haka, in kin yanka shi fale-fale kin shanya a kai baya tsatso ruwan nan ya zauna yana dahuwa a ciki, kamawa yake yayi launi yayi ƙamshi kusan na balangu. Awara tana yin ɓawo mai kyau bata farfashe ba. Gurasa nayi sau biyu da murfin tukunya a kai, tayi. Ƙwai kuwa sai da aka kai wajen wata guda kafin ya fara zamewa yadda nake so, kar wadda ta saya ta zaci ranar farko zata ga haka.

Sirrin duk a zafin yake kuma nan ne mutane ke kuskure. Baƙin ƙarfe baya saurin watsa zafi, dalma, wato alminiyum, ta ninka shi a wannan, shi nasa riƙewa ne saboda kaurinsa. Don haka in kin ɗora kan gas kin buɗe wuta sosai, tsakiya zata yi jau gefe na nan da sanyi, abinci ya ƙone a tsakiya ki ce kaskon ne. Ƙaramar wuta ake sa masa minti 5 ya ɗauka a hankali, sannan mai, sannan abinci. A kan gawayi ya fi daɗin aiki ma don garwashin ya game gindinsa duka. Kuma ina kashe gas tun kafin in gama, zafin jikinsa ya ƙarasa min na ƙarshe.

Aibunsa kuma ba zan ɓoye ba. Baya shiri da tsami. A watan Afrilu nayi dage-dage a ciki na barta ta daɗe tana ƙuna, miyar ta fito da duhu tana ɗanɗanon ƙarfe, horon tsakiyar kuma ya cinye sai da na sake masa zagaye biyu. Tumatir mai yawa, yakuwa, tsamiya, lemon tsami, duk a barsu a tukunyarsu, ɗan jajjage na minti biyar dai yanzu baya masa komai tunda ya ƙosa. Ba'a barin abinci ya kwana a ciki. Hannunsa ƙarfe ne shima, zafi yake kamar cikin, na taɓa damƙa ba tsumma sai da tafin hannuna ya tashi, yanzu na hana yara zuwa kusa in yana kan wuta ko ya sauka, don rabin awa bayan an kashe yana nan da zafinsa. Nauyin ma abin dubawa ne, da hannu ɗaya ba zaki karkata shi ki juye abinci ba, mai ciwon gaɓɓai ko dattijuwa zai wahalar da ita. Kuma kar a kuskura a sheƙa masa ruwan sanyi yana da zafi, zai iya tsagewa. Sai damina. A Agusta da aka jera kwanaki ana ruwa na ajiye shi a kabad ɗin ƙarƙashin wajen wanke-wanke busasshe, kwana 4 ban taɓa ba na ɗauko naga ɗigo-ɗigon tsatsa a bayansa, laimar iska kaɗai ta isa. Yanzu a ƙusa yake rataye kusa da taga.

Wankinsa ba wahala kamar yadda ake tsoratarwa. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu kaɗan ba laifi, in abu ya kama in zuba gishiri in dirje da tsumma, in ɗora kan wuta minti 2 ya bushe in shafa ɗigon mai. Jiƙawa ce kawai haram a wajensa.

Akwai masu tallarsa da cewa yana ƙara jini. Akwai ƙamshin gaskiya, ɗan sinadarin ƙarfe na shiga abinci musamman mai ruwa da ɗan tsami, har an yi bincike a Habasha aka fitar a 1999 inda yaran da ake dafa musu abinci a tukunyar ƙarfe suka fi na tukunyar dalma samun sauƙin ƙarancin jini. Amma don Allah kasko ba magani bane, mai ciki ta cigaba da shan abinda aka bata a awo. Gidan da kuma akwai mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, su ƙarfen ma yawa yake musu a jiki, a tambayi likita kafin a maida shi kaskon kullum.

Wadda zata saya, in da hali ta je ta gani da idonta a Sabon Gari ko Tudun Wada maimakon hoto. Ki ajiye shi kan tebur ki danna gefe ki ga baya rawa, ki ƙwanƙwasa, in ƙarar ta mutu nan take akwai tsaga a wani waje, ki duba cikin ba ramuka masu zurfi, ki kankara da farce ki tabbata baƙin ba fenti bane. In akwai mai ɗan kunne a ɗaya gefen shi zaki ɗauka, nawa bashi da shi kuma kullum sai naji rashinsa. Da duk wannan, in yau aka sace shi gobe zan sake saye.

Bokitin kuwa ba zan sake ba. Lita 20 ne, da faranti mai huji-huji a ciki da famfo a ƙasa, sai ƙullin gari kamar dusa. Tace in dinga zuba ɓawo da ragowar abinci ina barbaɗa garin, sati 2 zan kwashi taki. Daga baya na gane dabara ce ta Japan da suke ce ma bokashi, kuma ita ba taki take haɗawa kai tsaye ba, tsimawa take kamar yadda ake tsima ƙullu, dole murfin ya toshe iska gaba ɗaya, bayan ya tsimu kuma sai an haƙa rami an binne wasu makonni kafin ya zama ƙasa. Duk bata faɗa min ba, inaga ita ma bata sani ba. Murfin nawa baya kamawa da kyau, da zafin Maris ya shigo ƙuda suka samu hanya, na buɗe wata safiya naga tsutsa fal ga wari har falo. Garin kuma wata 1 ya ƙare, wani ƙullin sai an sake biya. Mai zama a bene da bata da ko taku ɗaya na ƙasa wataƙila ya mata amfani in ta samu mai murfin kirki, amma duk mai lungu a bayan gida kuɗinta kawai zata zubar.

Wani dattijo da ke kawo mana alayyahu da salak a keke, yana noman rani a bakin Kubanni, shi ya ganni ina wanke bokitin na toshe hanci da mayafi. Da na masa bayani yayi shiru, yace "Uwargida, yanzu juji ma sai an saya?" Yace su suna yara da jakuna ake kwasar takin juji da na turke daga cikin gari a mangala a kai gona kafin ruwa ya sauka, har rububinsa ake. Nace Baba to nuna min yadda zan yi anan ba tare da na tara wa maƙwabta wari ba. Ya jingine kekensa ya zaga bayan gidan, ya nuna lungun da ke tsakanin katanga da ɗakin kaji inda inuwar mangwaro ke kaiwa, yace nan.

Abinda na kashe bai taka kara ya karya ba. Tsofaffin bulo da suka rage tun gini muka jera gefe uku da 'yan ƙofofi tsakaninsu don iska, faɗi da tsawo da tsayi kowanne wajen mita 1, don in tarin yayi ƙanƙanta baya ɗaukar zafi. Ƙasa ba siminti, a kan turɓaya. Kashin awaki maƙwabciyata ta bani buhu guda kyauta tana ma godiya an rage mata, buntun shinkafa yara suka ɗebo a injin casa, busasshen ganye kuwa gashi nan a tsakar gida. Karan masara muka fara shimfiɗawa a ƙasa, sai busasshen ganye mai kauri, sai kayan kicin, ɓawon dankali da na doya da ayaba da kankana, tsinken alayyahu, ganyen shayi, sai kashin awakin da na kajina, a watsa ƙasa kaɗan a yayyafa ruwa, a sake daga farko. Ƙa'idar Baba busasshe kwano biyu ɗanye kwano ɗaya, kuma kullum busasshe ne a sama, shi ke hana ƙuda da wari. Ruwan kuma in kin damƙa kin matse ki ji danshi kamar tsumman da aka matse, ba ya ɗiga ba. Muka rufe da tsohon buhu, ya soka guntun rodi a tsakiya yace in dinga zarowa ina taɓawa.

Kwana 4 na zaro rodin nan da asuba bayan sallah, wallahi sai da na sake shi don zafi, na ɗaga buhun naga turiri na tashi a hankali ga wani fari-fari kamar toka a jikin ganyen, ba wari sai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Na daɗe a tsaye a wajen. Ƙananan halittu ne da ido baya gani suke cin kayan, aikinsu ne ke kawo zafin, yana kaiwa digiri 55 zuwa 65 kuma shi ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin. Duk kwana 10 nake juyawa da shebur, na gefe ya koma tsakiya, sai zafin ya sake tashi, har aka zo lokacin da ko an juya baya tashi.

Matsala na samu kala biyu kuma duk ta ruwa ce. A ƙarshen Afrilu da na fara, iskar bazara ta busar da gefen gara ta shiga, na ƙara ruwa na juya suka bar wajen, tun daga nan ruwan wankin shinkafa da na alwala duk can yake zuwa, banda mai omo. Da damina ta kankama kuma ya jiƙe sharkaf ya fara wari mai hawa kai kamar fitsari, na zuba buntu da yagaggen kwali na juya na ɗora masa tsohon kwano a sama, kwana 2 ya daina. Toka na so in dinga juyewa duka tunda ga kurfoti, Baba yace ɗan barbaɗe kawai, in tayi yawa ƙarfin takin ne ke bin iska. Nama, ƙashi, miya mai mai, kashin kyanwa ko na kare duk basa shiga, su ke jawo ɓera da gafiya. Ɓawon ƙwai sai an daka in ba haka ba yadda kika zuba haka zaki tsince shi, buntu ma yana da taurin kai. Abinda ya fi ɓata min rai leda ce da takardar magi, duk yadda na kiyaye sai na tsinta. Gwazarma kuma in na tono kaji nake watsa wa.

Sati 11 ya ɗauka. Tarin da ya kai min ƙugu ya dawo bai kai rabi ba, baƙi, yana wargajewa a hannu, na samu baro 4. Ƙasar gidanmu irin jar nan ce ta Zariya da in ta bushe take komawa kamar siminti, ki zuba ruwa ya gudu ya barta. Inda na cakuɗa takin yanzu fartanya shiga take ba gardama, ruwa na zama, har tana na gani. Alayyahu da kuɓewa da tattasai na shuka, wasu a ƙasa wasu a buhu, alayyahun na yanka sau 3 yana sake tofowa. Ba zan ce ya maye takin zamani ba, buhun yuriya kashi 46 cikin 100 sinadarin da ke sa ganye kore ne, wannan kuwa bai fi 1 zuwa 2 ba, mai gonar masara ba zai dogara da lungun bayan gida ba. Amma yuriya bata gyara ƙasa, shi kuma yana gyarawa, shi yasa masana noma ke cewa a haɗa biyun. Abin na damuna in na tuna garin da ke da manyan cibiyoyin aikin gona irin su IAR da NAERLS a Samaru, amma da hunturu kowace safiya unguwa ta turnuƙe da hayaƙin ganyen da aka share aka cinna wa wuta, ga masu asma ga jarirai, kuma abinda ake ƙonawar shi ƙasar ke nema.

Bokitin dai yana nan a bakin ƙofar kicin, ɓawo nake tarawa a ciki na kwana biyu kafin a kai baya, aikin da tsohon bokitin fenti zai yi kyauta. Tari na biyu ya kusa, Hajiya ta riga tace baro ɗaya nata ne zata sa wa zogale da lallenta. Na kuma yi magana da almajirin da ke share mana ƙofar gida, daga Nuwamba in ganye ya fara zuba kar ya ƙona, ya cusa min a buhu zan dinga bashi wani abu akan kowanne, buhu 6 na ajiye masa a zaure.